Kwamfuta tana barci amma tana kuka: ina matsalar take?



Abin da na zaɓa in yi bayani a kai a littafin bana ƙarami ne a ido, amma ya hana mu sakat kusan mako biyu. A watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai inda ya kai a nan Maradi, mai gadinmu ya zo da ƙorafi cewa wani abu yana kuka a ofis da dare. Tit, tit, tit, sai ya yi shiru, can bayan wasu awoyi ya sake. Ƙofa a kulle, ba kowa ciki, kwamfuta kuma an bar ta tana barci, allonta baƙi ƙirin. Kafin kwana uku labari ya kai ajin ƙanana, kowa da fassararsa. Wani ya ce gyare ne, wani ya ce ɓera, wasu kuwa har sun daina bi ta gaban ofis in magariba ta yi. Sai Malam ya kira mu, mu da muke taya shi buga takardu, ya ce: “Ku je ku gano mini, amma kada ku zo mini da zato.”

Abin ba na wasa ba ne, domin a cikin kwamfutar nan ake ajiye sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa, har da rubuce-rubucen wanga littafi da ke hannunku. Ruwa ba ya tsami banza. Ga abin da muka koya, na jera shi mas'ala mas'ala don mai kwamfutar tebur a gida, ko a shago, ko a ofis ya amfana.

Mas'ala ta farko: mene ne barcin kwamfuta?

Kwamfutar tebur, wadda wasunmu ke ce wa ordinatar, tana da hali uku bayan halin aiki. Na farko barci, wanda Windows na Faransanci ke rubutawa Veille. A nan ƙwaƙwalwar lissafi ta tsaya, fanka ta tsaya, faifan ajiya ya tsaya, amma ana barin ƴar wuta kaɗan tana shiga RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi inda aikin da ka bari a buɗe yake zaune. Shi ya sa in ka taɓa wani maɓalli take tashi nan da nan, ka tarar da aikinka inda ka bar shi. Na biyu dogon barci, Veille prolongée. A nan kwamfuta tana kwafe abin da ke cikin RAM ta zuba a faifan ajiya, sa'an nan ta mutu. Na uku kashewa gaba ɗaya.

Waɗannan halaye suna cikin wani tsari mai suna ACPI, wanda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. A cikinsa aiki shi ne S0, barcin da muka sani a kwamfutar tebur shi ne S3, dogon barci S4, kashewa kuma S5. Ku lura da abu ɗaya: ko a kashe take, muddin waya tana jone da bango, akwai wuta mai volt 5 da ke jiran aiki a cikin babban allonta. Kashewa daban, cire waya daban.

To, daga nan ne ƙa'idar da ta warware mana komai ta fito. Mai barci na gaskiya ba ya hira. In ƙwaƙwalwar lissafi ta tsaya, ba ta da halin ba da umarnin a yi ƙara. Saboda haka in ka ji kuka, ɗayan biyu ne: ko dai ba kwamfutar ce ke yi ba, wani abu ne kusa da ita, ko kuwa ba barci take ba, tana farkawa kai ba ka sani ba. Duk binciken da za ka yi, a kan rarrabe waɗannan biyu yake.

Mas'ala ta biyu: fara da kunne da alƙalami

Kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, zauna ka saurara. Ka rubuta ƙarfe nawa aka yi kukan, sau nawa ya yi, gajere ne ko dogo, kuma minti nawa ne tsakanin wani da wani. Ka duba ƴar fitilar da ke jikin maɓallin kunnawa. A kwamfutoci da yawa, in ana barci takan riƙa ƙiftawa a hankali, in an farka kuma ta tsaya cak. Ka sa kunne ka ji ko fanka ta taso a daidai lokacin kukan.

Ƙara mai tsini tana yaudarar kunne ƙwarai, sai ka rantse daga dama take alhali daga hagu take. Dabarar da ta taimake mu ita ce naɗe takarda kamar bututu, ka sa baki ɗaya a kunne, ɗayan kana kai shi kusa da kowace na'ura.

Sa'an nan ka yi gwajin da ya fi kowane sauƙi. Ka ajiye aikinka, ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka cire wayarta. In kuka ya ci gaba, ka wanke ta daga zargi, sai ka nemi mai laifi a waje. In ya tsaya, to matsalar tana cikinta ko cikin abin da aka jona mata.

Mas'ala ta uku: masu kuka daga waje

Babban wanda ake zargi a ƙasarmu shi ne ondilar, akwatin nan mai nauyi da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ƴan mintoci in an ɗauke kuran. Wasu suna ce mishi UPS. Shi ba ya barci, kuma kuka ne harshensa. Kowane kamfani da irin nasa, amma ga misali daga na kamfanin APC, wanda ya yaɗu sosai: in kuran ya tafi yana aiki da batir, yakan yi ƙara 4 kowane daƙiƙa 30. In batir ya kusa ƙarewa, sai ƙarar ta riƙa zuwa a jere ba hutu. In an ɗora mishi kayan da suka fi ƙarfinsa, sai ya ja dogon kuka ɗaya ba yankewa. A wasu nau'o'insa kuma, in ya gwada batirinsa ya ga ya lalace, yakan yi ƴar tsuwa na minti ɗaya, ya maimaita bayan awa 5.

Wani abin lura: ba sai kuran ya tafi ɗungurungum ondilar ke kuka ba. Wutarmu volt 220 ce, amma a lokacin zafi, da kowa ya kunna fanka da firji, takan yi rauni. In ta sauka ƙasa da abin da ondilar ya yarda da shi, sai ya koma batir na ɗan lokaci, ya yi kuka, ya dawo. Kai kuwa ka ga ƙwan fitila yana ci, sai ka ce ai akwai wuta, me ya sa yake kuka?

Bayan ondilar akwai kontar wuta irin ta sayen kati, wadda da yawansu ke kuka in kuɗi ya kusa ƙarewa. Akwai inbata na masu hasken rana, shi ma yana kuka in batura sun yi ƙasa. Akwai regilatar, shi nasa ƙas-ƙas ne in yana daidaita wuta. Akwai agogon bango mai ƙararrawa, da tsohuwar salula da aka manta a aljihun tebur cajinta yana ƙarewa. Har ila yau, in ka ajiye salula kusa da lasifikan kwamfuta da aka bari a kunne, za ka iya jin dit-dirit-dirit gab da shigowar kira ko saƙo. Wannan igiyar sadarwar salular ce ke shiga wayar lasifika, ba cuta ba ce. Nisanta su kawai.

Mas'ala ta huɗu: in kwamfutar ce ke farkawa

Abubuwan da ke tashin kwamfuta daga barci sanannu ne. Linzami, wanda muke ce wa suri, in tebur ya ɗan girgiza ko iska ta kaɗa labule ya taɓa shi. Allon rubutu, in an ɗora littafi a kai ya danne maɓalli. Wayar intanet, domin akwai tsarin da ke ba da damar a tashi kwamfuta ta hanyarta. Sai kuma Windows da kansa, wanda ke sa wa kansa lokacin tashi don ya sabunta wasu abubuwa. In ta farka, lasifika yakan yi ƙarar nan da kuke ji sa'ad da aka soka kile ko aka zare, saboda tana sake gane kayan da ke jone da ita. Bayan ƴan mintoci ta koma barci, kai kuma ka shigo ka tarar da allo baƙi.

Windows yana riƙe bayanin wanda ya tashe shi, tambayarsa kawai za ka yi. Ka buɗe Invite de commandes a matsayin mai iko da na'urar, ka rubuta powercfg /lastwake, zai gaya maka abin da ya tashe ta a karon ƙarshe. In ka rubuta powercfg /devicequery wake_armed, zai jero duk kayan da aka ba izinin tashinta. In ka rubuta powercfg /waketimers, zai nuna ayyukan da suka sa wa kansu lokaci.

In linzami ne, ka shiga Gestionnaire de périphériques, ka danna sunansa sau biyu, ka je Gestion de l'alimentation, ka cire alamar da ke ba shi izinin fitar da kwamfuta daga barci. Haka za ka yi wa katin intanet. Amma ka bar wa allon rubutu nasa izinin, don ka samu abin tashinta cikin sauƙi. In masu sa lokaci ne, ana hana su a cikin Options d'alimentation, a ƙarƙashin saitin barci.

Fa'ida: Windows yana yin ƙara in aka danna maɓallin Maj sau 5 a jere, ko aka danne na dama har daƙiƙa 8, ko aka danne Verr Num daƙiƙa 5. An yi haka ne don taimakon masu lalurar hannu. To littafi mai nauyi a kan allon rubutu yana iya tashin kwamfuta kuma ya jawo wannan ƙara. Kafin ka kira mai gyara, ɗaga littafin tukuna.

Akwai kuma wani sababi da ya shafe mu sosai. A cikin saitin BIOS akwai wurin da ake gaya wa kwamfuta abin da za ta yi in wuta ta dawo bayan ɗaukewa: ta zauna a kashe, ko ta kunna kanta. In an zaɓi ta kunna kanta, to duk daren da aka ɗauke kuran aka dawo da shi, za ta tashi daga farko, kuma kwamfutoci da yawa sukan yi tit guda ɗaya a wannan lokaci. Wannan gajeriyar ƙara ɗaya a mafi yawansu albishir ce, ma'anarta na duba kaina na ga lafiya. Amma tana gaya maka wani abu kuma: wuta ta yanke mata tana barci, abin da ke cikin RAM ya tafi. Tun daga Windows Vista akwai Veille hybride, wanda ke ajiye kwafi a faifai saboda irin haka, sai dai ba a kowace kwamfuta yake a kunne ba. Kada ka dogara da shi ba ka duba ba.

Mas'ala ta biyar: kukan da ke fitowa daga cikin akwati

A kan babban allon kwamfuta akwai wani ɗan lasifika ƙarami, bai fi maɓallin riga girma ba. Aikinsa shi ne ya yi magana a lokacin da allon kallo bai iya nuna komai ba. In ka zo tashin kwamfuta ta ƙi, allo baƙi, fanka tana gudu, ƙara tana maimaituwa, to ƙidaya za ka yi, domin adadin shi ne saƙon.

Sai dai kowane kamfani da ƙidayarsa. A allunan da ke da BIOS na Award, doguwa ɗaya da gajeru biyu na nufin matsalar ɓangaren hoto, dogaye masu maimaituwa kuma yawanci RAM ce. A tsofaffin kwamfutocin ofis na HP Compaq, irin waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu, ƙara tana tafiya tare da jar fitila mai ƙiftawa: 2 zafi ya yi wa ƙwaƙwalwar lissafi yawa, 4 matsalar wuta, 5 RAM, 6 hoto. Don haka kada ka ɗauki fassarar wata ka ɗora wa wata. Ka duba suna da lambar taka a jikin akwatin, ka nemi littafinta.

Cutar da ta fi yawa a wajenmu ƙura ce da zafi. Hazon hunturu yana shiga ko'ina, ya toshe fanka, ya kwanta a ramin RAM. Da bazara ta zo, zafi ya haura digiri 40, sai abin ya bayyana. Maganin farko shi ne shara. Ka kashe, ka cire waya daga bango, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 don ragowar wuta ta fita. Ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki, saboda wutar nan da ke taruwa a jikin mutum lokacin hunturu, wadda ke yin ƙyas in ka taɓa ƙofar mota, tana iya kashe ƙananan kayan. Ka hure ƙura da abin hura iska, kana riƙe da fiffiken fanka kada ya yi ta juyawa. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Sa'an nan ka buɗe maƙallan RAM na gefe, ka zaro ta, ka goge bakin nan mai ruwan zinariya da busasshen ƙyalle mai laushi, ka mayar ka danna har ka ji ƙas. In guda biyu ne, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, za ka gane mai ciwon.

Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo a kan babban allo, sunansa CR2032, volt 3 ne. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS in babu wuta. Alamar mutuwarsa ita ce kwanan wata ya riƙa komawa baya, ko kwamfuta ta tsaya tana neman a danna F1, wasu har da ƙara. Ana samunsa wajen masu gyaran agogo, canza shi kuma bai fi minti biyu ba.

Tanbihi na farko: in ƙarar daga faifan ajiya take fitowa, irin mai juyawa, kana jin tsuwa ko ƙwas-ƙwas sa'ad da yake son tashi, wannan ba ta jira. Yana iya zama injinsa ne ya kasa juyawa. In har ya buɗe, ka kwashe muhimman takardunka a kile a ranar, kada ka ce sai gobe. In bai buɗe ba, ka daina kunnawa da kashewa, ka kai wa masani.

Tanbihi na biyu: akwatin wutar da ke cikin kwamfuta, inda wayar bango ke shiga, wani lokaci yakan yi siririyar tsuwa kamar ta sauro in ana barci. Sau da yawa ba ta da illa. Amma in ka ji ƙaurin ƙuna, ko kwamfuta tana mutuwa da kanta, a canza shi. Kada ka buɗe shi ko da wasa, domin yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire waya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da muka tarar a ofishinmu

Mun kwana biyu muna zargin kwamfuta. Mun hure ta, mun goge RAM, mun hana linzami tashinta, kuka bai daina ba. Sai muka koma ga abin da ya kamata mu fara da shi: muka ce wa mai gadi ya riƙa duba agogo. Da muka jera lokutan da ya ba mu, sai muka ga tazarar kusan ɗaya ce kullum, ko akwai kuran ko babu. Muka kashe kwamfutar, muka cire wayarta, muka zauna. Can sai ga tit, tit, tit daga ƙarƙashin tebur, bayan wani kwalin takardu. Ondilar ne. An tura shi lungu an manta da shi, har jar fitilarsa ba mai gani.

Muka gwada shi da ƙwan fitila: muka jona, muka zare wayarsa daga bango, nan take ya mutu. Da mai gyara ya buɗe, batirin ya kumbura. Irin wannan batir, mai volt 12, yakan yi shekara 3 zuwa 5, kuma zafi yana rage mishi kwana. Namu ba wanda ya tuna ranar da aka sa shi. Ashe duk kwanakin nan gargaɗi yake yi mana cewa ba shi da sauran ƙarfin kare kwamfutar. Kuma mun ga hakan da idonmu, domin kafin a kawo sabon batir an ɗauke kuran da rana, shafi biyu na wanga littafi da wani ɗan ajinmu ya buga bai ajiye ba suka tafi. Sai da ya sake bugawa daga farko, yana yi yana ƙunƙuni.

Yanzu mun fito da ondilar fili inda iska ke samunsa, mun rubuta ranar sa batir a takarda mun manna a jikinsa. Mun cire injin buga takardu daga kansa, domin irin mai aiki da garin tawada yana jan wuta fiye da ƙarfinsa, haka ma dutsen guga da butar dafa ruwa. Da dare ba ma barin kwamfuta tana barci, kashe ta muke yi, barci kuwa sai in za a fita a dawo ba da jimawa ba. Duk ranar Alhamis kuma ana kwafe takardun makaranta a kile, Malam ya tafi da shi gida.

Shawarata ga duk wanda ya ji irin wannan kuka: kada ka tsorata, kada kuma ka yi banza da shi. Wasu in ondilar ya dame su sai su danna maɓallin da ke sa shi shiru su ci gaba da harkarsu, alhali ciwon yana nan. Ka saurara, ka rubuta, ka cire abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka fara da mai sauƙi kafin mai wuya. In ka canza abu uku tare kuka ya daina, ba za ka san wanne ne ba, ranar da ya dawo sai ka sake komawa farko. In kuma abin ya fi ƙarfinka, ka je wajen mai gyara da takardarka a hannu, ka ce mishi ƙara kaza take yi, lokaci kaza, fitila kala kaza. Zai fi saurin ganowa, kai ma ba za a sa ka sayen abin da bai lalace ba.

Ƙannenmu na ajin ƙanana kuma, hanyar gaban ofis ta buɗe, sai ku bi abinku. Inda na yi kuskure, masana su gyara mini. Wassalamu alaikum.